Ɗaukar Hoton Ƙaramin Biki a Lambu ko Gidan Gona: Tambayoyi da Amsoshi

Kwanakin nan ina yawan samun kira daga iyalan da suka yanke shawarar ba za su kama ɗakin taro ba. Mutum 30 ko 40, na jiki zalla, a lambun kakansu a ƙauye, ko a gidan gonar wani kawu a bayan gari, wajen Kura ko Tiga ko kan hanyar Gwarzo. Wasu tsadar rayuwa ce ta kai su ga haka, wasu kuwa natsuwa suke nema: a ɗaura aure, a ci abinci a inuwa, a yi addu'a, a watse. A Kano nake sana'ar ɗaukar hoto, ƙanwata ce ke riƙe kyamara ta biyu a ɓangaren mata, kuma a duk ayyukana babu wanda nake so kamar irin wannan biki. Tambayoyin nan su ne waɗanda angwaye da amare da iyayensu suka fi yi mini, sai 'yan kaɗan daga ƙannenmu masu koyon sana'ar.

Mu 30 ne kacal. Wayoyin 'yan'uwa ba za su wadatar ba?

Za su ɗauki hotuna, wasu ma masu kyau, don wayoyin yanzu ba laifi in akwai haske. Wanda za ku rasa shi ne mai riƙe da wayar. Yayar amarya ta yini tana ɗaukar kowa, in an zo duba hotuna ba ta cikin ko ɗaya, kuma nasihar da aka yi wa ƙanwarta ta cikin waya ta kalle ta.

A taron mutum 500, rabin waɗanda ke cikin hoto ango bai san sunansu ba. A na mutum 30 kuwa babu ɗan rakiya. Wannan gwaggo ce da ta goyi amarya, wancan shi ne malamin da ango ya yi sauka a hannunsa, waccan tsohuwar kakar uwa ce da aka lallaɓo da ƙyar daga ƙauye. In fuskar mutum ɗaya ta ɓace a albam, kowa zai lura. Shi ya sa nake roƙon a rubuto mini sunan duk wanda zai zo da dangantakarsa da ango ko amarya, in haddace abin da zan iya kafin ranar. Mutumin da ka kira da "Kawu" ko "Inna" daidai matsayinsa, wani irin kallo yake yi wa kyamara, daban da wanda ka ce wa "Malam, ɗan matso".

Akwai wani biki da kakar amarya ta ƙi kujera, ta ce a shimfiɗa mata tabarma a gindin tsamiya. Na durƙusa na gaishe ta, na zauna nesa kaɗan. Tana ɓare goro da farce tana rarraba wa jikoki, gyalenta ya zame kafaɗa ɗaya, ba ta ma san na ɗauka ba. A cikin hotuna sama da 300 da na ba su, shi ne wanda gidaje huɗu suka ce a buga musu babba.

Wane lokaci ne ya fi kyau ga hoton ango da amarya?

Tsakanin la'asar da magariba, musamman minti 40 ɗin ƙarshe kafin rana ta faɗi. A lokacin rana ta yi ƙasa, haskenta yana shigowa ta gefe, ya yi laushi, ya ba fata launin zuma, leshi da shadda su fito da zanensu.

Sai dai lokacin gajere ne a wajenmu. Kano tana kan mataki 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana kusan a tsaye take gangarowa, ba ta jan ƙafa kamar yadda take yi a Turai. Da ta faɗi, minti 20 zuwa 25 duhu ya shigo. A Nuwamba da Disamba wajen ƙarfe 6:00 take faɗuwa, a Yuni da Yuli kuwa sai wajen 7:00 saura 'yan mintuna. Kuma faɗuwar rana ita ce magariba. Ana kiran salla jama'a za su miƙe alwala, ni ma haka, ba zan tsayar da kowa don hoto ba.

Abin da nake roƙo shi ne a bar mini ango da amarya na minti 20, daga 5:15 in hunturu ne, ko daga 6:00 in damina ce, da ƙawa ɗaya mai gyara mata gyale. Ƙawa ɗaya tak. In suka zo su shida, kowacce da wayarta da shawararta, rana za ta faɗi muna gyaran ɗankwali.

A sa lissafin hanya a ciki. In wurin yana da nisa, ko hanyar ba ta da daɗin bi da dare, mu hakura da hasken faɗuwar rana mu yi hoton da ƙarfe 4:30 a inuwa, kowa ya koma gida da ido.

Ɗaurin auren ƙarfe 11:00 na safe ne, iyaye sun riga sun sa. Yaya za ka yi?

Ba na ma neman a ɗaga, wannan lokacin manya ne, haka ma in bayan Juma'a aka sa. Amma gaskiya shi ne lokaci mafi wuya. Rana tana kan kai, hula da rawani suna jefa inuwa a kan idanu, goshi yana ƙyalli da gumi, kowa ya kanne ido. Maganinsa inuwa, ita kuma inuwa iri-iri ce.

Mangwaro da tsamiya inuwarsu a cike take, su na fi so. Darbejiya kuwa, duk da ita ce ta fi yawa a ƙauyukanmu, yayyafin haske take yi. Ganyenta ƙanana ne, rana tana ratsawa, sai ka ga tabo-tabon haske a fuskar waliyyi da kan farar rigarsa, ido ɗaya a haske ɗaya a duhu. Wannan ba ya gyaruwa a kwamfuta, komai ƙwarewar mai gyara. In darbejiya kaɗai ke akwai, nakan sa a ɗaura farin zani ko tamfal mai haske a cikin rassanta daidai inda liman da waliyyai za su zauna.

A kula da lokacin shekara. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi lif. Kuka akasin haka take, da rani rassa ne tsirara. Wanda ya ga wuri a watan Janairu ya sa biki a Agusta yana dogaro da inuwar gawo, zai tarar da rana.

In rumfar haya za a kafa, don Allah a nemi fara. Ja ko shuɗiya ko koriya tana rina fuskar duk wanda ya zauna ƙarƙashinta. Ciyawa ma tana yin haka kaɗan, tana mayar da koren haske ƙarƙashin haɓa, shi ya sa nake son a shimfiɗa tabarmi ko darduma mai haske, a zaunar da manya a bakin inuwa suna fuskantar fili.

Wane wata ya fi dacewa da biki a waje?

In da ni za a bi, daga Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba tukuna, dawa tana tsaye a gona da kanta, sama wasai, zafi ya fara sauƙi da yamma.

Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin bukukuwa ne sosai, kuma yana da nasa alherin. Ranar da hazo ya sauko, rana takan koma kamar farin faifai, haske ya yi laushi tun safe har yamma, fuska ta fito lumui ko da tsakar rana. Abin da ake rasawa shi ne launi da nisa: duwatsu da ruwan dam da kuka zaɓi wurin dominsu sai su ɓace cikin fari. Kuma rana takan nutse cikin hazo tun ba ta kai ƙasa ba, don haka hasken zumar nan ko dai ya ƙare da wuri ko ma kada ya zo. A tanadi man leɓe da man shafawa, har ga maza, don kyamara ba ta ɓoye fatar da ta yi furu-furu.

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura 40 a ma'auni. Kwalliyar amarya tana narkewa, tsofaffi suna galabaita, daji ya bushe in ban da wuraren noman rani irin su Kadawa. In dole ne a wannan lokaci, a yi komai kafin 10:00 na safe ko bayan la'asar.

Damina ita ce ta fi kyau a ido, kore shar, ga gajimare a sama. Ita ce kuma ta fi haɗari, musamman Agusta. Hadari daga gabas yake tasowa, iska da ƙura su riga ruwa, kuma wannan iskar ita ke kife rumfa. Wajibi ne a sami ɗaki ko baranda da za ta ɗauke kowa. Amma in aka yi ruwan aka ɗauke kafin magariba, rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare, babu hasken da ya kai wannan a duk shekara. Masu yin biki a wajen Jos su tuna garin yana kan tudu mai tsawon mita 1,200 ko fiye, damina takan fara tun Afrilu, yamma kuma akwai sanyi, a riƙo wa tsofaffi mayafi mai kauri.

Me ya sa sai ka je ka ga wurin? Ba mu turo maka hotunansa ba?

Zuwa da kai ya fi aike. Hoto ba zai gaya mini ina ne gabas ba, ko ina inuwa za ta koma da ƙarfe 5:00, ko cewa bayan bishiyar nan mai kyau akwai tankin ruwa da tarin buhunan taki. Nakan je kwana biyu ko uku kafin biki, daidai lokacin da za a yi taron, in zagaya, in tsayar da wani yaro a wurare uku ko huɗu in gwada haske a fuskarsa.

Nakan kuma nemi mai kula da lambun mu gaisa, mu yi magana. Na koyi wannan ne da wahala. A wani lambu, mai ban ruwa ya so ya kyauta, ya sakar wa ciyawa ruwa tun asuba don ta yi kyau ranar biki. Wurin da na zaɓa wa amarya ya zama taɓo, takalminta mai tsini yana nutsewa, gefen leshinta ya ɗebi laka tun ba mu ɗauki hoto goma ba. Ta yi shiru, amma na ga idonta ya kawo ruwa, abin ya tsaya mini a rai. Tun daga nan nake cewa a tsayar da ban ruwa kwana ɗaya kafin biki, a ɗaure dabbobi nesa, amarya kuma ta riƙo takalmi mara tudu na tafiya tsakanin bishiyoyi.

Ango farar shadda zai sa, ni kuma baƙa ce. An ce ɗayanmu zai lalace a hoto.

Ba wanda zai lalace in mai hoton ya san aikinsa. Matsalar gaskiya ce: farar shadda mai maiƙo a rana tana mayar da haske sosai, in aka saita kyamara a kan fuska rigar takan ƙone ta zama fari fat babu aiki babu zane, in aka saita a kan riga fuska ta yi duhu. Abin da nake yi shi ne in sa rana a bayanku ko in kai ku inuwa, in saita don aikin wuyan riga ya tsira, sannan in mayar wa fuska haske da faifan haske, wani farin abu mai naɗewa da yaro ke riƙewa a gefe. Ina kuma ɗauka a tsarin RAW, wanda ke ajiye bayanin haske da yawa fiye da hoton waya, don in daidaita daga baya.

Ga abin da ba na yi: ba na haskaka fata. Ana yawan roƙona, wani lokaci amaryar da kanta, wani lokaci ƙawaye. Zan cire ƙurjin da ya fito jiya, zan rage ƙyallin gumi, amma launin da Allah ya ba ki da shi za ki fito. Baƙar fata a hasken yamma, ga jan lalle a tafin hannu, ga zinare a wuya, ban san abin da ya fi ta kyau a kyamara ba. Kuma 'ya'yanki za su kalli hoton nan wata rana, ya kamata su gane mahaifiyarsu.

Ina da kunya sosai, ban iya tsayuwar hoto ba.

Ba sai kin iya ba. Kunya adon amarya ce, ba na ƙoƙarin cire ta. Sunkuyar da kai, jan mayafi, murmushin da ake ɓoyewa a bayan hannu, su ne hoton. Ba zan sa ku rungume-rungumen da ake kwaikwayowa daga intanet ba, balle a wurin da iyayenku ke zaune taku 20 daga nan. Nakan ce ku taka a hankali daga wannan bishiya zuwa waccan, ango ya gaya miki wata magana da ni ba zan ji ba, ni kuma ina can nesa da dogon gilashin kyamara mai jawo abu kusa. Minti biyar ɗin farko a sandare kowa yake. Bayan nan jiki yakan saki.

Iyayenmu ba sa son namiji ya shiga cikin mata. Wasu ma ba sa son hoto sam.

Haƙƙinsu ne, kuma shi ya sa muke zuwa mu biyu. Ƙanwata ce ke shiga ɗakin amarya, ita ke ɗaukar lalle da kwalliya da nasihar iyaye mata da kukan rabuwa. In iyali sun buƙata, ita kaɗai ke tace hotunan ɓangaren mata ta miƙa wa amarya, ni ba na buɗe su. Kafin ta ɗaga kyamara takan yi sallama ta ce, "Hajiya, za a ɗauki hoto, mai gyara mayafi ta gyara."

Wanda ba ya son hoto, ko don fahimtarsa ta addini ko don ra'ayinsa, a nuna mana shi tun farko. A ƙaramin taro abu ne mai sauƙi a kiyaye mutum biyu ko uku. In ya faɗo a gefen wani hoton, yanke shi nake yi. Ba na lallashi, ba na kuma satar ɗauka.

Me kake ɗauka a wurin ɗaurin auren kansa?

Abin da mutane ke mantawa shi ne ɗaurin aure gajere ne ƙwarai. Wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, a ambaci sadaki, shaidu su shaida, a shafa fatiha, wani lokaci minti biyar ba ta cika ba. Ba a maimaitawa don mai hoto ya makara. Don haka tun kafin liman ya zauna na riga na zaɓi inda zan durƙusa, a gefe, ƙasa-ƙasa, ba a gaban manya ba. Takalmina a waje kamar na kowa, kyamara a yanayin shiru, babu filasha.

Hannaye nake bi: hannun da ke miƙa sadaki, hannun da ke ƙirgawa, tafuka a buɗe lokacin addu'a, kwanon goro da dabino da alawa yana zagayawa. Sai fuskar mahaifin amarya daidai lokacin da aka ce an ɗaura. Yawancin iyaye maza ƙasa suke kallo a wannan daƙiƙar, wasu su sa gefen riga su share ido da sauri. A daidai wannan lokaci ƙanwata tana gefen amarya, don mu sami fuskarta sa'ad da labari ya iso cikin gida aka rangaɗa guɗa. Hotuna biyun nan, na uba da na 'ya a minti ɗaya, a shafi ɗaya nake haɗa su a albam.

Hoton dangi gaba ɗaya fa?

A yi shi nan take bayan fatiha, kafin abinci, kafin manya su fara sallama. A fara da tsofaffi, a zaunar da su, sauran su zo su same su, kada a sa dattijo jira a tsaye. A ba ni mutum ɗaya daga kowane ɓangare da ya san kowa kuma ake jin maganarsa, shi zai riƙa kira. Haɗuwa takwas ko goma ta isa, minti 15 mun gama. Kuma tunda ku kaɗan ne, akwai abin da babban biki ba ya samu: hoto ɗaya da kowa da kowa ke ciki, ana gane fuskar kowa.

Yallaɓai, ni mai koyo ne. Wane kaya zan riƙe?

Kyamara biyu, ko da ta biyun aro ce. A ƙauye in ɗaya ta tsaya babu inda za ka ruga. Ni ina ɗaura gilashi mai 35mm a ɗaya, mai 85mm a ɗayar, ba na cire su har a tashi, saboda ƙura. Duk sanda ka buɗe bakin kyamara a fili da hunturu, ƙura ta shiga ta zauna a sensa, wato abin da ke karɓar hoton a cikin kyamara, sai ka ga ɗigo-ɗigo a sararin sama a kowane hoto. In dole ne ka canza, shiga mota ka rufe tagogi, ka kifa bakin kyamara ƙasa. Kada ka goge gilashi da gefen riga, ƙurar hunturu tana karce shi, fara hure ta da abin hura iska.

Ga mutum ɗaya ko biyu nakan buɗe ƙofar hasken gilashi sosai, f/2 zuwa f/2.8, don bishiyoyin baya su narke. Ga taron dangi mai layi biyu ko uku, f/5.6 zuwa f/8, in ba haka ba na baya za su fito dishi-dishi. Saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa in mutane suna motsi. Ka samu kyamara mai ramin kati biyu, ta riƙa rubutawa a duka biyun lokaci guda. Batir huɗu a cike tun daga gida, kada ka dogara da wutar wurin. Kada ka bar kyamara a rana ko a cikin rufaffiyar mota da bazara. Da damina ka sa manyan ledoji biyu a aljihu.

Kayan sawa ma kaya ne. Ka sa abin da za ka shiga cikin dattawa da shi ba a ɗaga kai ba, kaftani mara hayaniya da hula. A taron mutum 30 ba ka da inda za ka ɓuya, kowa yana ganinka, ladabinka ne zai sa a manta da kai.

In an kai dare, ga shi babu wuta sai janareta?

A ajiye janareta nesa, a ja waya. Ƙwayayen fitila masu launin ruwan ɗorawa, a rataya a rassa, sun fi fararen nan masu kashe ido, kuma a yi ƙoƙari su zama iri ɗaya, don haɗa fari da ja yana raba fuska launi biyu. Ga masu koyo: wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, wasu fitilun suna ƙyaftawa da ita, sai ka ga ratsi-ratsi a hoto, musamman in kyamara tana yanayin shiru. Mayar da saurin ƙiftawa 1/50 ko 1/100, ka cire yanayin shirun. Filasha kuma babu silin da za ka buga ta a waje, sai ka ɗora ta a sanda a gefe da 'yar lema.

Za ka zo da jirgi marar matuƙi?

Ba kasafai ba. A Najeriya tashinsa yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ban da haka, ƙararsa tana cika ƙaramin taro, yana kuma leƙa gidajen maƙwabta da ba rufi a tsakar gidansu, inda matan mutane ke harkokinsu. In kuna son a ga faɗin wurin, zan hau tsani ko kan dutse.

Tunda bikin ƙarami ne, kuɗin ma zai ragu?

Zai ragu in awannin sun ragu. Yawan mutane ba shi ke sa farashi ba. Abin da nake lissafawa shi ne awa nawa za mu yi, mu biyu ne ko ni kaɗai, nisan wurin da zuwa sau biyu, kwanakin da zan yi ina tacewa da gyarawa, sai albam in kuna so. Ana ba da kafin alƙalami don a riƙe ranar, sauran kafin a karɓi hotuna. Mu rubuta komai, ko a saƙon waya ne: rana, lokaci, adadin hotuna, ranar bayarwa, da abin da za a yi in an ɗaga biki. Ko ni kuka ɗauka ko wani, ku nemi ya nuna muku biki guda cikakke da ya yi a waje, daga farko har ƙarshe. Zaɓaɓɓun hotuna goma a Instagram ba sa nuna yadda mutum ke yi da ranar tsaka.

Za ka sa hotunanmu a intanet?

Sai da izininku, hoto bayan hoto, kuma izinin amarya da bakinta nake nema, ba na ango kaɗai ba. Yawancin masu ƙaramin biki sirri suke so, in sun ce a'a magana ta ƙare, ba na ƙara musu ko kwabo don haka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ma ta ba wanda ya sa aka ɗaukar masa hoto don amfanin gidansa ikon hana a yaɗa shi, sai in an yi wata yarjejeniya daban. Ku ma ku roƙi baƙinku kada su sa hoto ko sunan wurin a Facebook ko WhatsApp ana cikin taro. Wuri ne a bayan gari, ba kowa ya kamata ya san inda kuke ba sai kun koma gida.

Yaushe za mu karɓa, kuma ta yaya?

A daren bikin nake kwafe katunan a wuri biyu kafin in kwanta. Washegari zan turo muku hotuna 10 zuwa 15 na aika wa dangin da ba su samu zuwa ba. Sauran, yawanci tsakanin 250 da 400, cikin mako uku. Zan ba ku a filas, ɗan abin nan na ajiye fayil da ake sokawa a kwamfuta, da kuma ta hanyar saukewa a intanet. In za ku tura wa juna a WhatsApp, ku tura a matsayin fayil, don in aka tura a matsayin hoto yana matse shi, wanda aka matse kuma in an buga babba sai ya farfashe.

Ku buga wasu a takarda. Waya tana ɓata, filas yana lalacewa, kuma kakanninku ba za su buɗe intanet ba. Nakan haɗa wa kowane dattijon da ya halarta hotonsa guda ɗaya, inci 5 da 7, a cikin ambulan da sunansa a baya, in ba ango ya kai musu da hannunsa ranar da za su zaga gaishe-gaishen godiya.